Bayan sallamar ma'aikata a kamfanonin fasahar zamani: za a sake ɗauka ko za a tsaya da kaɗan?

1. Gabatarwa

Daga ƙarshen 2022 zuwa 2023, manyan kamfanonin fasahar kwamfuta na Amurka sun rage dubban ma'aikata. A cikin wannan ɗan rubutu mun zaɓi kalmar "sallama" don fassara abin da Faransanci ke kira licenciement économique, domin "kora" tana ɗauke da ma'anar laifi, alhali waɗannan mutane ba laifi suka yi ba. Abin da za mu duba shi ne ko guraben da aka rufe ana sake buɗe su.

2. Dalilan sallamar

Lokacin annobar korona, jama'a sun koma ga intanet don aiki da karatu da sayayya, kamfanoni kuma suka yi ta ɗaukar ma'aikata. Kamfanin Meta, mai Facebook, yana da kimanin ma'aikata dubu 45 a ƙarshen 2019. A watan Satumba 2022 sun wuce dubu 87. Daga watan Maris 2022 babban bankin Amurka ya shiga ƙara kuɗin ruwa, daga kusan sifili har ya haura kashi 5 cikin ɗari a 2023. Bashi ya yi tsada, masu hannun jari suka nemi riba nan take. Meta ya sallami mutum dubu 11 a Nuwamba 2022, ya sanar da wasu dubu 10 a Maris 2023. A Janairu 2023 Alphabet, mai Google, ya sanar da dubu 12, Microsoft kuma dubu 10.

3. Abin da ya biyo baya

Ma'aikatan Meta sun sauka zuwa kimanin dubu 67 a ƙarshen 2023, suka hau zuwa dubu 74 a ƙarshen 2024. Ke nan an sake ɗauka, amma ba a cike gurbin duka ba. Na Alphabet, waɗanda suka kai dubu 190 a ƙarshen 2022, sun tsaya wajen dubu 183 a ƙarshen 2024. Microsoft kuwa ya sake sallamar kimanin dubu 15 a 2025, a shekarar da yake cin riba mai yawa.

Kuɗin da aka tsimi daga albashi suna tafiya ga gina cibiyoyin adana bayanai da sayen na'urorin ƙirƙirarriyar basira, kuma da yawa daga cikin sabbin guraben na ƙwararrun wannan fanni ne. Sai dai na'ura tana da iyaka. A 2024 kamfanin Klarna na Suwidin ya ce manhajarsa tana yin aikin mutum 700 wajen amsa wa abokan ciniki. A 2025 shugabansa ya yarda cewa ingancin aikin ya ragu, za su koma ɗaukar mutane.

4. Abin da ya shafi harsunanmu

A Nuwamba 2022 Twitter ya sallami kusan dukan ma'aikatan ofishinsa na Akara, ƴan kwanaki bayan buɗe shi. A 2023 ofishin kamfanin Sama da ke Nairobi ya daina aikin tace abubuwan da ake wallafawa a Facebook. Cikin waɗanda suka rasa aiki har da masu tace rubutun Hausa, kuma fiye da 180 sun kai ƙara kotu. Mu masu nazarin harshe mun san cewa habaici da zambo ba sa fitowa fili a cikin kalmomi: sai wanda ya san mahallin magana yake gane zagi ko tunzuri. Idan aka rage irin waɗannan ma'aikata, harsunan da ba su da rubutu mai yawa a intanet su ne suka fi cutuwa, domin da rubutu ake horar da na'urar da za ta maye gurbinsu.

5. Kammalawa

A ganinmu, ana sake ɗaukar ma'aikata, amma kaɗan kaɗan, kuma galibi ba a guraben da aka rufe ba. Ɗalibanmu da ke hangen aikin fassara ko tace bayanai ya kamata su haɗa sanin harshe da sanin kwamfuta, su kuma karanta sharuɗɗan kwangila da kyau kafin su sa hannu.