Dabarar masu kifin ado da za ta iya rage wa masu kiwon tarwaɗa a Masarautar Gumel asarar ruwa

Babu wani babban kogi da ya ratsa Gumel, Maigatari, Gagarawa ko Sule Tankarkar, ƙananan hukumomi huɗu da suka haɗu suka zama Masarautar Gumel a arewacin Jihar Jigawa. Ƙasa ce ta jigawa da rairayi, damina gajera, rani mai tsawo. Wanda ya ce zai yi kiwon tarwaɗa a nan, a tankin siminti ko na tamfol, ba kamar mutumin Haɗeja ba ne da ke da kogi da fadama a kusa. Duk ɗigon da zai shiga tankinsa daga rijiyar burtsatse zai fito, ko daga kurar 'yan ga-ruwa.

Lissafin ba shi da wuya. Tanki mai tsawon mita 3, faɗin mita 2 da zurfin mita 1 yana cin lita 6,000, wato jarka 240 mai lita 25. Idan kifi ya girma ruwan ya fara wari, aka zubar da rabi, jarka 120 ke nan ta bi lambatu, kuma bayan kwana biyu ko uku za a sake. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kunna janareto don cika tanki ya zama abin da mai kiwo ke yi yana dafe da aljihu.

Abin mamaki, mutanen da suka fi kowa naci kan yadda za a daina zubar da ruwan kifi ba manoma ba ne. Masu kifin ado ne a Turai da Amurka, waɗanda ke ajiye murjani mai rai da kifayen teku a akwatin gilashi cikin falo. Ruwansu na gishiri ne da suke haɗawa da kansu, yana da tsada, ga murjani ba ya jure datti ko kaɗan.

Mafakar da ke ƙarƙashin akwati

A irin wannan akwati, idan ruwa ya kai wani tsayi sai ya malala ta bututu zuwa wani tanki da ke ɓoye a ƙasa, inda ake ajiye kayan tacewa, sannan ƙaramin injin ya mayar da shi sama. A cikin tankin ƙasan, ko a gefensa, ake ware wani sashe da suke kira rifujiyam, ma'ana mafaka. Babu kifi a ciki. Ciyawar teku ake sakawa, galibi wata mai kama da curarren zare da ake kira Chaetomorpha, a haska mata fitila. Tana girma tana zuƙe sinadaran naitiret da fosfet da ke fitowa daga kashin kifi da ragowar abinci. Bayan 'yan makonni mai akwatin ya ɗebi dunƙule ya zubar, dattin ya tafi tare da ita. Ƙananan halittun da kifi ke ci su ma suna hayayyafa a wurin, tunda babu mai farautarsu, daga nan sunan ya samo asali.

Mutumin Gumel ba shi da haɗi da murjani, amma dattin iri ɗaya ne. Kifi yana fitar da amoniya ta huhunsa na ruwa, kuma amoniya guba ce da ke ƙara ƙarfi idan ruwa ya yi zafi, abin da ya kamata ya dami duk wanda ya san yadda watan Afrilu yake a kan iyakar Nijar. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke maƙalewa a jikin tsakuwa ko gutsattsarin roba suna juya ta zuwa naitirait, wanda shi ma guba ne, sannan zuwa naitiret mai sauƙin illa. Tsiro kuwa wannan abincinsa ne.

Ciyawar teku ba ta rayuwa a ruwan daɗi, amma akwai kainuwa, dashen Allah, da ke yawo a kududdufai da damina. Akwai kuma wani ƙanƙanin koren tsiro mai suna Lemna da ke rufe fuskar ruwa kamar an watsa riɗi, wanda ke iya ninka kansa cikin 'yan kwanaki idan ya samu abinci, kuma kaji, agwagi da karfasa suna cinsa. Kachalar da ta addabi manoma da masunta a kwarin Haɗeja ita ma gwana ce wajen zuƙe datti, sai dai wanda ya ga yadda ta toshe magudanan ruwa a can zai yi tunani sau biyu kafin ya kawo ta gida.

Inda aikin famfo ke kayar da mutane

Shuka kainuwa kowa zai iya. Haɗa bututun ne ke raba gwani da ɗan koyo, kuma kuskure mafi tsada yana fitowa ne lokacin da wuta ta ɗauke. Injin ya tsaya, amma ruwan sama bai sani ba, zai ci gaba da gangarowa har sai ya sauka ƙasa da bakin bututun malala. A tankin nan mai faɗin murabba'in mita 6, saukar ruwa da santimita 5 kacal lita 300 ce, fiye da duro guda. Idan tankin ƙasa a cike yake, tsakar gida za ta sha. Shi ya sa masu kifin ado ke barin sarari a tankin ƙasa, kuma kafin su saka kifi sai sun kashe injin da gangan sun ga inda ruwan zai tsaya.

Akwai wani tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa. Idan bakin bututun da ke dawo da ruwa ya nutse can ƙasa a tankin kifi, da zarar injin ya mutu sai bututun ya koma zuƙo ruwa da baya, kamar yadda ake zuƙo fetur da tiyo. Yana iya kwashe rabin tanki cikin dare. Maganinsa ƙaramin rami ne da ake hudawa a jikin bututun dab da fuskar ruwa don iska ta shiga ta katse zuƙar, ko kuma a bar bakin bututun a sama. Ramin yana toshewa da gansakuka, don haka sai an riƙa duba shi.

Ita kanta mafakar ba ta son guguwar ruwa. Ana saka mahaɗa mai baki uku a bututu, a sa bawul a reshen da ke zuwa wurin tsirrai, domin kaso kaɗan ya bi ta can a hankali, sauran ya wuce. Bututun da ke fitar da ruwa daga mafakar ya fi mai shigowa kauri, a rufe bakinsa da raga, a kuma ƙara na biyu sama da shi kaɗan, saboda saiwar kainuwa guda ta isa ta toshe hanya.

Tarwaɗa ba kifin falo ba ce

Akwatin ado yana ɗauke da 'yan kifaye ne da ake ba abinci da ɗan yatsa. Tankin tarwaɗa kuwa yana da ɗaruruwa masu cin buhu-buhu. Wanda ya tura wannan ruwan kai tsaye cikin kainuwa, taɓo zai samu. Dole a fara da duron da kashi zai kwanta a ƙasansa a riƙa zubarwa kullum, sai matatar tsakuwa ko roba, sannan tsirrai a ƙarshe. Bakteriyar matata tana bukatar kamar mako 4 zuwa 6 kafin ta kafu, kuma wanke ta da sabulu ko ruwa mai kulorin yana mayar da aiki baya. A ƙasar Holan, inda aka fara kiwon wannan tarwaɗa ta Afirka a rufaffun gine-gine tun shekarun 1980, kan matatar bakteriya suka dogara, ba kan ciyawa ba.

Sannan rana tana da nata kason. Buɗaɗɗen tankin tsirrai yana asarar ruwa ta tururi da bazara, da hunturu kuma tsiron da bakteriyar duk suna yin sanyin jiki. Injin da ke juya ruwa yana son wuta dare da rana, sola marar batiri kuwa tana kwanciya da magariba. Tarwaɗa tana da gaɓar shaƙar iska daga sama, za ta iya jure daren, amma bakteriyar da ke cikin matata ba ta da wannan gatan.

Don haka canjin ruwa ba zai ƙare ba, raguwa zai yi. Abin da aka zubar daga duron kashi kuma taki ne da zogale, alayyafo da yakuwa ke so, a yankin da ganye ke tsada da rani kuma kasuwar Maigatari ke cika duk ranar Alhamis.