Bindigar Toka a Ƙasar Gobir: Kwaikwayon da Bai Zama Kayan Tarihi Ba

A ƙasashen Turai da Amurka akwai masu sha'awar sayen kwaikwayon tsofaffin bindigogin soja, irin waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki. Kamfanoni kamar Pedersoli na Italiya suna ƙera sabbi bisa siffar Brown Bess ta sojan Ingila ko Enfield ta 1853, mai saye ya je fagen gwaji ya yi harbi don nishaɗi da tuna baya. Wannan maƙala ta dubi takwarar wannan bindiga a Kurawa da sauran garuruwan Sabon Birni da Isa. A nan ma kwaikwayo ce, domin abin da muke kira bindigar gargajiya maƙeranmu sun ɗauko siffarta ne daga ta Turawa. Bambancin shi ne, a Gobir har yau ba ta yi ritaya ba.

Kalmomin da suka shafe ta sun isa su nuna cewa baƙuwa ce. Bindiga daga bunduƙiyya ta Larabci take, albarushi daga albarud, harsashi kuwa daga arrasas, wato dalma. Sunayen ke nan sun biyo hanyar hamada. Tarihin Kano ya ambaci bindigogi tun zamanin Sarki Dauda a ƙarni na 15, ya kuma ce Babba Zaki (1768–1776) shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Amma samfurin da ya yaɗu daga baya ta teku ya shigo: doguwar bindiga mai santsin ciki wadda Turawa suka laƙaba wa sunan mutanen Danmak saboda cinikinsu a gaɓar Gwalkwas, ko da yake da yawa a Bamingam da Liyej aka ƙera su. Abin da Bahaushe ya ƙara nasa ne na kansa: ya kira ɓangaren da ake ja a tashi wuta kunama, ya kuma raɗa wa bindigar sunaye irin su toka, baushe, adaka da harba-ruga.

Wannan suna na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa, don ya ƙunshi dukkan yadda makamin yake aiki. Mai harbi zai tsai da bindiga bakinta sama, ya zuba albarushi gwargwadon awo, ya tura tsumma, ya sa harsashi ko gutsattsarin ƙarfe, ya danna da sandar ƙarfe har su zauna, sa'an nan ya gyara wurin kama wuta. A tsohon samfuri ƙanƙara ce ke kartar ƙarfe ta ba da tartsatsi. Daga baya aka koma ga ɗan murfin da kunama ke sara. Horarren sojan Turai na wancan zamani yakan yi harbi kamar 3 a minti guda. Da yake cikin bututun ba shi da zanen da ke murza harsashi, in tazara ta wuce 'yan gomiyoyin taku sai dai sa'a. Damina kuma abokiyar gabarta ce, albarushi in ya sha raɓa ba ya tashi. Saboda haka wanda ya harba sau ɗaya ya zama marar makami har sai ya sake ɗuri, kuma hikimar ita ce ya ruga.

Ba yau aka fara ganin haka a Gobir ba. A 1826 Baturen nan Kilafatin ya halarci harin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kai wa Konya, inda Gobirawa suka kafu bayan faɗuwar Alkalawa a 1808. Ya bayyana cewa masu bindiga a rundunar Sakkwato 'yan ƙalilan ne, bayi ne kuma, kuma kowane ya harba sai ya ja da baya inda kibiya ba ta kaiwa don ya sake ɗurawa. Ya lura cewa bindiga guda da ke cikin garin ta yi ɓarna ƙwarai, har ta kayar da na gaba cikin 'yan lifidi. A ganina darasin yana nan: a bayan ganuwa, inda mai harbi ke da mafaka da lokacin ɗuri, bindiga ɗaya ta fi tarin da ke fili amfani. Akwai kuma sananniyar riwayar da ke cewa Sarkin Gobir Yunfa ya nufi Shehu Usmanu da bindiga a Alkalawa, wutar ta juyo ta ƙone shi. Masu riwaya karama suke nufi, amma duk maharbi ya san cewa irin wannan makami yakan ci mai shi.

Dalilin da ya sa ta daɗe a hannunmu siyasa ce. Yarjejeniyar Barasals ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, ta bar ƙofa ga masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Ranar 15 ga Maris 1903, a bakin Sakkwato, aka ga sakamakon wannan rata. Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959 ta riƙe tsarin: ta ware bindigogi masu ɗurin baki a rukuni na daban, mafi sauƙin sharaɗi, izininsu yana hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha, ƙira kuwa tana bukatar lasisi.

Saye a ƙauye ba kamar na kanti ba ne. Mutum yakan je wurin maƙeri ya yi oda, a sassaƙa ƙota da itace mai ƙwari, bututu kuwa sau da yawa daga tsohon ƙarfen mota ko na famfo ake samo shi. A nan haɗarin yake. A Bamingam tun 1813 akwai gidan da aikinsa kawai shi ne gwada ƙarfin bututu kafin a sayar, a buga masa hatimi. Namu ba shi da hatimi sai sunan maƙerin da shaidar waɗanda suka riga suka saya. Shi ya sa mai hankali yakan ɗaure sabuwar bindiga a jikin itace, ya ja kunama da igiya daga nesa, kafin ya yarda ya kai ta kusa da fuskarsa.

Har zuwa 'yan shekarun nan aikinta bai wuce farauta, korar birai daga gona, da bugawa a hawan salla ko tarbar sarki ba, inda ƙara da hayaƙi ake bukata, ba harsashi. Matsalar 'yan fashin daji ta mai da ita fagen da ta bari. A watan Mayu 2020 an kashe mutane fiye da 70 a hare-haren da aka kai wa ƙauyukan Sabon Birni, irin su Garki da Ɗan Aduwa. Manomin da ya ɗauki toka ya tsaya a bakin gari yana fuskantar AK-47 mai cin harsashi 30 a ɗuri guda. Wani abin takaici ga mai nazarin harshe shi ne, kalmar 'yan bindiga, wadda a da take nufin dakarun fada, yanzu a bakin jama'a da kafafen labarai maharan ake nufi da ita. Masu riƙe da bindigar da sunan ya samo asali daga gare ta kuwa sun koma 'yan banga ko 'yan sa-kai, kuma su ma an sha zargin wasunsu da kashe waɗanda ba su ji ba su gani ba, har gwamnatin Jihar Sakkwato ta haramta ayyukan 'yan sa-kai a 2021.