Jinin Biri Mai Tsoro da Jinin Biri Mai Natsuwa

A cibiyoyin bincike na Amurka da Turai, idan za a gwada wa biri sabon magani, sai an ɗebi jininsa an kwatanta da alƙaluman lafiyayyen biri: jajayen ƙwayoyin jini nawa, farare nawa, sukari ya kai ina. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗibar jinin, domin hanya biyu ce, kuma ba amsa ɗaya suke bayarwa ba.

A tsohuwar hanya, bangon bayan keji ake jawowa gaba har ya matse birin a jikin ƙarafa, sannan a yi masa allurar ketamin mai sa barci a cinya, ko a danne shi a zuƙi jinin idonsa biyu. Masu yin haka suna da hujja. Biran resus suna ɗauke da ƙwayar cutar B, wadda ba ta cika wahalar da su ba amma tana kashe mutum. A 1997 wata matashiyar ma'aikaciya a cibiyar Yerkes ta jihar Jojiya ta rasu bayan ruwan jikin biri ya fantsar mata a ido.

Sai dai jikin biri ba ya jiran allura. Da ya ga an doso kejinsa, sinadarin adirenalin zai matse saifarsa, ita kuma ta kwararo jajayen ƙwayoyin da ta ajiye. Fararen su ƙaru, sukari ya hau, cikin 'yan mintuna kotisol, sinadarin da jiki ke saki a lokacin firgici, ya biyo baya. Kokawar da ya sha takan ɗaga sinadaran tsoka, ketamin ɗin ma yana taɓa wasu alƙaluman. Kamar mai lafiya ne da jininsa ke hawa da zarar ya zauna gaban likita. To, a nan lafiyar birin aka auna ko firgicinsa?

Ɗaya hanyar horo ce. Daga ƙarshen shekarun 1980, likitan dabbobi Viktor Reinhardt ya riƙa koya wa biran resus na cibiyar Wisconsin miƙo ƙafa ta ƙofar kejinsu. Birin ya juyo, a riƙe ƙafar a hankali, a ɗebi jini daga jijiya, a ba shi ɗan abin marmari. Reinhardt ya gano cewa kotisol ɗinsu ba ya tashi irin na waɗanda aka danne.

Horo yana cin lokaci, yana son ma'aikaci mai haƙuri, kuma inda ake gwaji da birai masu yawa cikin gaggawa yakan yi wuya. Duk da haka shi na zaɓa. Idan tsoro bai dagula alƙaluma ba, birai kaɗan sun isa a gane aikin magani, kuma rage yawan dabbobin gwaji na cikin ƙa'idoji uku da masana Russell da Burch suka gabatar a 1959. Inda ketamin ya zama dole, a rubuta hakan a gefen alƙaluman, tare da mintunan da suka wuce tsakanin kama birin da zuƙar jininsa.