Ƙauyen da Ba Ya Kan Taswira: Darasi ga Ɗaliban Magami

Duk wanda ya tashi daga Gusau ya nufi kudu a kan hanyar Ɗansadau, zai yada zango a Magami. Mutumin garin ya san kowace tunga da kowace ruga da ke kewaye da shi, ya san rafin da ke cika da damina har ya hana jaki wucewa. Amma wannan sani yana cikin kawunan mutane ne. Ma'aikacin lafiya da aka turo daga birni ba ya da shi, abin da ke hannunsa takarda ce kawai. Ƙauyen da takardar ta manta da shi kuwa, sau da yawa maganin ma mantawa yake yi da shi.

Mene ne Tsarin Bayanan Ƙasa?

Zana taswira ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A shekarar 1824, da Bature Hugh Clapperton ya isa Sakkwato, ya samu taswira daga fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello mai nuna garuruwa da kogin Kwara, aka kuma buga ta a Landan a 1826. Abin da zamani ya ƙara shi ne haɗa taswira da kwamfuta. Wannan fasaha ita ake kira tsarin bayanan ƙasa, ana kuma taƙaita sunanta da GIS. Masanin labarin ƙasa Roger Tomlinson ne ya jagoranci kafa irinta ta farko a Kanada cikin shekarun 1960.

Yadda take aiki ba shi da wuyar ganewa. A ɗauka an sami fallayen leda masu garai-garai. A falle na farko an zana hanyoyi, na biyu koguna da kududdufai, na uku gidaje, na huɗu asibitoci. In aka ɗora su bisa juna, nan take ido zai ga unguwar da ke kusa da ruwa mai kwanciya amma nesa da asibiti. Abin da kwamfuta ke yi ke nan, sai dai ita tana iya ɗora fallaye masu yawa, ta auna nisa, ta kuma yi ƙidaya. Kowane wuri yana da lambobi biyu da ke nuna matsayinsa a doron ƙasa. Gusau, alal misali, tana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Wayar salula tana gano irin waɗannan lambobi ne ta sauraron saƙo daga taurarin ɗan'adam aƙalla 4, masu shawagi a nisan kilomita kusan 20,200 daga ƙasa.

Taswira da Yaƙi da Cuta

Masana ilimin halittu sun daɗe da sanin cewa cuta tana da mazauni. A 1854 likita John Snow ya ɗiga gidajen da kwalara ta yi kisa a wata unguwa ta Landan a kan taswira, sai aka ga ɗigogin sun taru kewaye da famfon ruwa guda.

Arewacin Nijeriya ma ta ga irin wannan. A 2012 an sami yara 223 da cutar shan inna ta kama a duniya baki ɗaya, 122 daga cikinsu a Nijeriya. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne masu ɗiga rigakafi suna aiki da taswirorin da aka zana da hannu, waɗanda suka tsallake ƙananan ƙauyuka da rugage. Sai aka koma ga hotunan tauraron ɗan'adam, aka zana sababbin taswirori na jihohin da cutar ta fi ƙamari, har da Zamfara. Hoto yana nuna rufin ɗaki, amma ba ya faɗin sunan gari, don haka dole aka shiga ƙauyuka ana tambayar dagatai da masu unguwanni. An kuma ba ma'aikata wayoyi masu rubuta duk inda suka taka, domin a gane wurin da ba a kai ba a koma. Wannan na cikin abubuwan da suka taimaka har aka bayyana, ranar 25 ga Agusta, 2020, cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Abin da Makaranta Za Ta Iya Yi

Tun 1999 ake bikin Ranar GIS a duniya, ranar Laraba ta mako na uku na watan Nuwamba, inda makarantu da jami'o'i ke buɗe ƙofa su nuna wa jama'a amfanin taswira. Makarantar sakandare a Magami, ko Tsafe, ko Bunguɗu, ba ta bukatar ɗakin kwamfuta kafin ta shiga sahu. Babbar takarda da fensir da waya guda sun isa.

Malamin ilimin halittu da na labarin ƙasa sai su raba ɗalibai rukuni-rukuni, bayan an nemi izinin mai unguwa. Wasu su rubuta rijiyoyi, wasu kududdufai da kwatamin da ruwa ke kwanciya, wasu juji. Tamatar sauro a ruwa mai kwanciya take saka ƙwai, kuma da zafi, cikin mako biyu ko ƙasa da haka ƙwan ya zama sauro mai cizo. Idan aka ɗora fallen kududdufai bisa fallen gidaje, ɗalibai da kansu za su nuna inda ya kamata a cike rami. Daga nan a gayyato iyaye da dattawa su duba, su gyara sunan da aka rubuta ba daidai ba.

Wajibi ne a tsaya cikin gari, kada a tura yaro daji, saboda halin rashin tsaro da yankin ya sha fama da shi. Wannan hali ya tayar da ƙauyuka da dama, jama'arsu suka koma wasu wurare, taswirar jiya kuwa ba ta san da haka ba. Mai sabunta ta shi ne ɗan gari da ya san inda mutanen suka koma, ya kuma iya rubuta wurin da lambobinsa.