Ranar Biya: Ma'anarta da Amfaninta a Cikin Gida

 Yau za mu tattauna a kan kalmar da kullum muke ji a bakin mazajenmu, wato ranar biya.

Ranar biya ita ce ranar da mai aiki ke karɓar hakkin guminsa. Amma fa ba ta kowa ce ke zuwa lokaci ɗaya ba. Malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma, nasa sunansa albashi, sai ƙarshen wata. Shi ya sa za ki ji maigida ya ce wata ya yi nisa, ma'ana aljihu ya bushe. Ɗan ƙwadago a gona kuwa da an tashi ake sallamarsa. Mai jinga sai ya gama aikin da aka yi ciniki a kai.

Hukuma ma ta san da wannan rana. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta hana a riƙe wa ma'aikaci kuɗinsa fiye da wata ɗaya, kuma a 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000.

To, ke da kike cikin gida, ina ruwanki? Da ruwanki har da tsaki. In kina sayar da man gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, aka aiko yaro karɓar bashi, tambayi ranar biyan mai gidan. In ɗan albashi ne, ki san jarinki zai kwana har ƙarshen wata, don haka kada ki bayar da abin da zai hana ki sayen gyaɗar gobe. Haka zubin adashi, a daidaita shi da lokacin da kuɗi ke shigo wa kowace.

Sannan ke ma akwai masu jiran ranar biya a hannunki: mai yi miki surfe, ɗan ga-ruwa, da almajirin da kike aika. Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a ba ma'aikaci ladansa tun guminsa bai bushe ba. Ku yi magana kan kuɗi da rana tun kafin a fara aiki, ranar ta zo ki cika.

Allah Ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.