Dokar Gudu a Tafkin Winnipesaukee: Ta Yi Aiki Kuwa?

Jirgin ruwa ba shi da birki. A kan wannan gaskiyar mutanen jihar New Hampshire ta Amurka suka yi shekaru suna kai ruwa rana game da tafkinsu mafi girma, Winnipesaukee, mai tsibirai sama da 250. Lokacin zafi tafkin cika yake maƙil: ga masu kwale-kwale da filafili, ga 'yan kamun kifi, ga yara masu iyo, ga kuma masu hannu da shuni da jiragen injinsu da ke iya wuce kilomita 100 a awa.

A 2008 Gwamna John Lynch ya sa hannu kan dokar da ta fara aiki a 2009, a matsayin gwaji na shekara biyu: mil 45 a awa da rana, kimanin kilomita 72 ke nan, sai mil 25 da dare. A 2010 aka tabbatar da ita, aka ɗaga na dare zuwa mil 30. Yunƙurin da aka yi a 2011 na sassauta ta a Broads, sararin tafkin da ya fi faɗi, bai kai ko'ina ba.

Masu adawa ba da ka suke magana ba. Tun kafin nan jihar tana da doka cewa duk jirgin da ya zo tsakanin ƙafa 150 da gaɓa, ko wani jirgi, ko mai iyo, dole ya koma tafiyar hawainiya. Suka ce a aiwatar da wannan mana. Da jami'an sintirin ruwa suka auna gudun dubban jirage a 2007, 'yan ƙalilan ne suka haura mil 45. Alƙaluman masu tsaron gaɓar tekun Amurka ma suna taya su: shekara da shekaru giya ce kan gaba cikin dalilan haɗurran da ake rasa rai, kuma yawancin waɗanda suka nutse ba su sa rigar kariya ba.

Su kuwa magoya baya lissafi suka riƙe, kuma lissafin yana da nauyi. Jirgin da ke gudun mil 45 yana cin mita 20 a daƙiƙa guda, wato ƙafa 150 ɗin nan da ake taƙama da ita zai shafe ta cikin daƙiƙa biyu da ɗoriya. A mil 70, ɗaya da rabi. A cikin wannan ɗan taƙi ne direba zai hango kan yaro yana lilo tsakanin igiyoyin ruwa, rana tana haske masa ido, ya gane mutum ne ba gungume ba, sannan ya karya kan jirgi. In gudu ya ninka biyu, ƙarfin karo ninkawa huɗu yake yi.

Sai dai ruwa yana da nasa hali. Jirgin inji ya fi tayar da igiya idan yana tsaka-tsakin gudu, gindinsa a nutse, hancinsa a sama. Da zarar ya miƙe ya hau saman ruwa, igiyar raguwa take. Don haka mai gidan da gaɓarsa ke zaizayewa ba lalle dokar ta share masa hawaye ba. Kamun mai laifi ma aiki ne: na'urar auna gudu tana rage lissafi idan jirgi ya gitta ta a karkace, ga shi babu layi a kan ruwa, jirgin jami'in kansa yana rawa.

To, ta rage mace-mace? Mummunan haɗari a tafki guda bai da yawan da za a gina hujja a kansa. Shekara ɗaya mai hazo da buguwa ta isa ta birkita alƙaluman. Duk wanda ya ce ya tabbatar, ko ta wane ɓangare, ya wuce gona da iri.

Abin da dokar ta yanke a zahiri shi ne wa zai sha wuya don wani ya sake. Ta tauye nishaɗin 'yan tsiraru, ta ba mai kwale-kwale ƙarfin halin tsallaka Broads da ɗansa a gaba. A matsayin maganin mutuwa a ruwa hujjarta ba ta cika ba, amma a matsayin rabon tafki tsakanin mai inji da mai filafili, majalisar jihar ta yi daidai.