Sayen Tsohuwar Mota a Rara Idan Kuɗi Ba Su da Yawa

Tsofaffin motocin da ake sayarwa a Sakkwato iri biyu ne: akwai 'yar Kwatano, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasashen waje kafin a shigo da ita, akwai kuma ta hannu, wadda ta riga ta sha aiki a cikin gida, kuma ita ce ƙarfin manomin garin Rara ya fi kaiwa gare ta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, yawan man da mota ke sha ya fi kyawun fenti muhimmanci, shi ya sa ƙananan motoci irin Golf, waɗanda kayan gyaransu ba su da wuyar samu, suka fi dacewa da mai zirga-zirga tsakanin Rabah, Wurno da Goronyo.

Wajibi ne mai saye ya tafi da bakaniken da ya amince da shi, ba wanda dillali ya kawo ba, domin ya duba hayaƙin inji da giya, sannan a gwada lambar shasi, wato wadda kamfani ya buga a jikin ƙarfen motar, da ta cikin takardun kwastan. Motar da takardunta ba su cika ba, komai arharta, a bar ta.